Kujerar raƙumi ta yara da manya: ta yaya zan gwada zanen kafin in yanka katako?

Kafintan Kurna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar katako da masu sha'awarta.

Ni kafinta ne a Kano. Yawancin aikina kayan ɗakin amare ne, gado da wadirof da madubi, sai kujerun falo jefi-jefi, kuma sana'ar tana rufa mini asiri, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk gidan da na shiga ɗaura kaya ko gyara, da wuya in ga abu ɗaya a ɗakin da aka yi shi don yaro. Yaro ya hau hannun kushin yana sukuwa, a daka masa tsawa. Ya ja kujerar tsugunon uwarsa ya mai da ita mota, a ƙwace. In an tausaya masa sai a sayo masa 'yar kujerar roba mai launi, wadda in babba ya zauna a kai ƙafafunta su baje. Ni kuwa abin da nake so shi ne abu guda da yaro zai hau ya yi wasa, uwarsa ta zauna a kai ta tsince wake, baƙo ma ya shigo ya zauna bai ji an raina shi ba.

Abin da nake ta zanawa a littafina raƙumi ne a durƙushe, tsawonsa wajen ƙafa uku. Wuyan ya miƙe gaba ya lanƙwasa sama. Yaro zai zauna tsakanin wuya da tozo, ya riƙe wuyan, tozon ya zame masa majingina. Bayan tozo akwai fili mai faɗi inda babba zai zauna a kaikaice. Cikinsa kuma a rarake, a riƙa zuba kayan wasa.

A takarda ya yi kyau ƙwarai. Sai dai gado da wadirof awonsu a kaina yake, a wajen maigidana na koya, wannan kuwa ba ni da wanda zan kwaikwaya. Ga shi kowa ya san yadda filawud ya yi tsada a 'Yan Katako, ba abin da mutum zai sa wa zarto da "bari mu gani" ba ne. To ta yaya masu zana kayan ɗaki suke tashi daga zane su kai ga samfur ba tare da asarar katako ba? Wane tsayi ne zai ɗauki yaro ɗan shekara huɗu ya kuma ɗauki babba? Sannan fuskar, in yi masa ido da kunne da baki, ko in bar shi haka?

Mai Zane Zariya

Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Tunanin nan ya burge ni, kuma kada ka bari ya mutu a littafi.

Na karanci zanen kayan masana'antu, kuma abin da aka fi nanata mana shi ne zane gefe ɗaya kawai yake nuna maka. Ka zana raƙuminka daga gefe, na tabbata, don a nan yake da kyau. Yanzu ka zana shi daga gaba, daga baya, da kuma daga sama. A nan za ka gamu da tambayar da zanen gefe ya ɓoye: faɗinsa nawa? In ya yi faɗi yadda babba zai ji daɗi, yaro ba zai iya ware ƙafa ya hau ba. In ya yi siriri yadda yaro zai hau, zai riƙa faɗuwa ta gefe. Wataƙila amsar ita ce gaban ya tsuke, bayan ya buɗe, kuma daga sama kaɗai za ka ga haka.

Daga nan ka yi ƙarami da kwali, kashi ɗaya bisa biyar na ainihin girman. Ƙafa uku wajen santimita 90 ke nan, don haka ƙaramin zai zama santimita 18, ya zauna a tafin hannu. Dalilin zaɓen ɗaya bisa biyar shi ne filawud mai kaurin milimita 18 in ka raba shi biyar ya koma milimita uku da ɗoriya, wato daidai kaurin kwalin taliya ko na sabulu. Ka ga har kaurin katakon zai fito daidai, har inda wani zai shiga cikin wani. Ka yi guda uku ko huɗu mabambanta, kada ka tsaya kan na farko. Sannan ka yanki takarda mai faɗin santimita 24 da tsawon 49, ita ce matsayin filawud ɗinka mai ƙafa huɗu da takwas. Ka warware ƙaramin raƙumin ka jera gutsattsarinsa a kai. Nan take za ka san raƙumi nawa za su fita a allo ɗaya, kuma sau da yawa rage inci ɗaya daga wuya shi zai sa na biyu ya samu wuri.

Wanda ka fi so sai ka ɗaga shi zuwa cikakken girma. Ka ja layuka murabba'i a kan ƙaramin, kowane gida santimita 2, a babban kwali kuma kowane gida santimita 10, ka riƙa kwashe lanƙwasar gida-gida. Masu sayar da firji da talabijin suna da manyan kwalaye. In ka manna uku ko huɗu da gam, kana saɓa ramukan cikinsu, wannan a tsaye wancan a kwance, zai ɗauki yaro cas. Kada ka raina kwali: Frank Gehry, mai zanen gine-ginen nan na Amurka, ya fitar da kujerun kwali a 1972, kuma manya ne suke zama a kansu.

Batun tsayi, ga awon da Turai suke bi a kujerun makaranta: mafi ƙanƙanta da aka saba gani a nazare wurin zamanta santimita 26 ne daga ƙasa, mai bi mata 31, sannan 35, 38, 43, har 46 ta manya. Da inci, yaronka ɗan shekara huɗu yana tsakanin 10 da 12, babba kuma 17 zuwa 18. Ka'idar guda ce, tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, bakin kujerar kada ya danne bayan gwiwa.

Akwai hanyoyi biyu da na sani aka bi wajen haɗa yaro da babba. Peter Opsvik, mai zanen kujeru na ƙasar Nowe, ya yi kujerar Tripp Trapp a 1972, bayan ya ga ɗansa ya girmi kujerar jarirai amma bai kai ta manya ba. Ya tsaga ramuka a jikin ƙafafun, allon zama da allon taka ƙafa suna matsawa sama ko ƙasa yayin da yaro yake girma. Ɗaya hanyar ita ce wadda ka ɗauko, wato abu guda mai wurin zama biyu. Kuma ka san wani abu? Charles da Ray Eames, masu zanen kayan ɗaki na Amurka, sun yi giwa ta filawud don yara a 1945, guda biyu kawai suka yi na gwaji, ba ta shiga kasuwa ba saboda wahalar lanƙwasa katakon, sai a 2007 kamfanin Vitra ya fitar da ita. Don haka ka guji duk lanƙwasar da sai an tanƙwara allo. Ka bar allunan a miƙe, lanƙwasar ta fito daga yankan gefensu.

Tsohon Kafinta Kaduna

Yaro, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Malama ta gama maka maganar takarda da kwali, ni zan yi maka ta katako, sai kuma gyara ɗaya a kan awon da ta kawo.

Awon nan na inci 18 na mutanen da suke cin abinci a tebur ne. Mu a ƙasa muka tashi. Matanmu a kujerar tsuguno suke girki da wanki da kitso, kuma in ka sa mata tef da wuya ta wuce inci takwas. Maza a tabarma suke hira, ko a dakali, ko a benci. Babban da ya saba da wannan, in ka ba shi inci 13 ko 14 ya zauna lafiya lau, bai ji komai ba. Ke nan tazarar da ke tsakanin yaro da babba a gidajenmu ba ta kai ta Turawa ba, kuma wannan sa'arka ce. Ka sa gaban inci 11, bayan inci 14, raƙumin ya fi kama da raƙumi, kuma ba zai yi tsayin da zai riƙa rinjaya ba. Tsofaffi irina masu ciwon gwiwa kada ka sa mu a lissafi, mu kujera mai hannu muke nema.

Ka je wajen masassaƙa ka duba kujerar tsuguno da kyau kafin ka ci gaba. Da gizago ake fitar da ita daga gungume ɗaya, babu ƙusa babu gam, kuma ka lura ƙafafunta a buɗe suke ta ƙasa, wurin zaman a ɗan lotse. Wannan buɗewar ita ta sa ba ta kifewa, lotsawar kuma ita ta sa ake daɗewa a kai. Duka biyun ka saka su a raƙuminka.

Katako kuma, kada ka kusanci MDF, allon nan na garin katako da aka matse da gam, a wannan aikin. Abin yara ne, ruwa zai zube, fitsari zai taɓa shi, za a ja shi tsakar gida, kuma MDF da ya sha ruwa ya kumbura ya gama yawo. Samfurin farko ka yi shi da ragowar filawud da ke jingine a shagonka, ko katakon akwatunan kaya. Na sayarwa kuma filawud mai kyau a jiki, sai ka sa katako sak a ƙasa inda zai riƙa gogar siminti. Malaina tana da sauƙin aiki kuma ba ta da nauyi, maɗaci ya fi ta kyau da ƙarko amma yaro ba zai iya jan sa ba. Ko wanne ka ɗauka, ya zama busasshe. Wanda ka haɗa da ɗanyen katako da damina, hunturu na zuwa zai tsage ya saki haɗinsa, ka san wannan.

Wuyan shi ne inda zai karye. In ka yanke shi daban ka liƙa da ƙusa, sati biyu ya yi yawa. Ka fitar da wuya da tozo daga allo ɗaya da zai ratsa tsakiyar jikin tun daga gaba har baya, ka ninka shi biyu da gam. Ƙusa kuma ka ajiye ta, ka yi aiki da sukuru da gam, ka nutsar da kan sukurun ka toshe. Ƙusa tana fitowa da kanta in ana jijjiga abu, kuma wannan kullum cikin jijjiga zai kasance.

Kafintan Kurna

Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar zana shi daga sama ta buɗe mini ido, da na zauna na yi sai na ga dole gaban ya koma inci bakwai, bayan ya kai sha huɗu. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganarku ta inci 11 da 14 ta sauke mini nauyi, don tsayin bayan shi ne yake ɓata mini siffar tun farko. Zan bi shawararku a kan wuyan.

Wani tunani ya zo mini: in sa masa ƙafa mai lanƙwasa ya riƙa lilo gaba da baya, tunda tafiyar raƙumi ma haka take. Me kuka gani?

Malamar Nazare

Malam, ni ba kafinta ba ce, amma kullum ina tare da yara 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma ina roƙonka ka bar maganar lilon nan. Mai lilo na yaro ɗaya ne a fili. A ɗakinmu na Hausa yaro ba ya wasa shi kaɗai, akwai ƙaninsa mai rarrafe a gefe, kuma yatsunsa ne za su shiga ƙarƙashin lanƙwasar. Babba kuma ba zai tsince wake a kan abin da ke rawa ba.

Abin da nake so ka sani shi ne yara ba za su zauna inda ka tsara musu ba. Za su tsaya a kan tozo su diro. Za su rataya a wuyan ta gaba. Uku za su hau lokaci ɗaya, na huɗu yana turawa. Za su kifa shi su shiga cikin ramin su ce gida ne. Saboda haka in ka gama na kwalin, ka ajiye shi a tsakar gida, kada ka ce musu komai, kada ma ka ce raƙumi ne. Ka koma gefe ka yi kallo. Inda kwalin ya fara lotsewa ko ya yage, nan ne hannu da ƙafa suka fi zuwa, nan za ka ƙarfafa a katako.

Wanda ya rataya a wuya shi ya fi ba ni tsoro, don nauyinsa zai ɗaga bayan ya kifo masa a ka. Kifewar kayan ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara har an rasa rayuka. Raƙumi in ya durƙusa ai gwiwoyinsa na gaba suna ɗan fitowa gaba, to ka ja su gaba har su kai ƙarƙashin kan, yadda duk inda yaro ya rataya akwai katako a ƙasansa.

Ramuka kuma ka auna su. Duk kafar da ta wuce santimita 9 amma ba ta kai 23 ba, jikin yaro zai iya wucewa kansa ya maƙale, wannan shi ne awon da ake bi a kayan filin wasa. Ƙofar cikin raƙumin ko dai ta yi girma sosai ko ta yi ƙanƙanta sosai. Kada ka sa mata murfi mai faɗowa. Ƙananan huda da yatsa zai shiga ya ƙi fita, ka toshe su. Kowane baki da kusurwa ka goge da samfefa har sai ka shafa da bayan hannunka ba ka ji kaifi ba.

Sai fenti. Yara suna lasa suna cizo. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, ana samun dalma a cikinsu, kuma mu a Arewa mun san abin da dalma take yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ka nemi fentin ruwa wanda aka rubuta babu dalma a jikin gwangwaninsa, ko ka bar katakon da launinsa.

Fuskar da ka tambaya, ni dai na ce ka bar ta. Akwai iyayen da ba za su shigar da abu mai cikakkiyar siffar mai rai ɗakinsu ba, ko da yake malamai sun yi sassauci a kan kayan wasan yara, wannan kuma sai ka tambayi malaminka. Ta fuskar wasa ma rashin idon ya fi. Abin da aka gama masa komai raƙumi ne kawai har abada. Wanda aka bari da tozo da wuya, yau raƙumi ne, gobe babur, jibi jirgin ruwa, kuma babba ba zai ji kunyar zama a kai ba.

Kafintan Kurna

Jama'a, na dawo da labari. Na yi na kwalin da kwalin firji, ninki huɗu, na kai gida na ajiye ban ce uffan ba, kamar yadda Malamar Nazare ta ce.

Ɗana mai shekara biyar ya hau daidai inda na tsara, ya riƙe wuya. Ƙanwarsa kuwa ta zauna a bayan tozo ta juya baya, ta jingina da tozon ta wancan gefen tana jijjiga 'yar tsanarta. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma ya nuna mini tozon majingina ce ta ɓangare biyu, don haka zan daidaita gangarensa gaba da baya. Ɗan maƙwabcinmu shi ya rataya a wuya, bayan ya ɗaga sama nan take. Na ƙara tsawon gwiwoyin gaba da inci biyar, ya sake ratayawa, bai motsa ba. Mai ɗakina ta zauna a bayan ta ce tsayin ya yi mata, amma tana so wurin ya ƙara faɗi kaɗan, kuma in yi rami a bayan tozo da za ta sa hannu ta ɗauke shi in za ta yi shara. Ramin zan yi shi dogo siriri, hannu ya shiga, kai ba zai shiga ba.

Lilo na bar shi, fuska ma na bar ta. Kan ya zama dunƙule mai santsi da ya cika hannun yaro. Na jera gutsattsarin ƙaramin a takardar nan, biyu suna fita a allo ɗaya in na juya wuyan na biyu ya shiga cikin lanƙwasar na farko. Kwalin da na warware shi zai zama abin fitar da siffa, in ɗora a kan filawud in bi da fensir.

Gobe in sha Allahu zan yanka na ragowar katako. In na haɗa zan ɗora masa buhun siminti biyu, kilo 100 ke nan, ya kwana da su, da safe in jijjiga shi in ji ko haɗin zai yi ƙara. Baba, tambaya ɗaya ta rage gare ku: allon tsakiyar nan da na ninka biyu, in tsaga ramin da zai zauna a cikin allon gaba da na baya, ko in dafa shi da katako ta gefe biyu in ɗaure da sukuru?

Tsohon Kafinta Kaduna

Tsaga ramin, rabi a wannan rabi a wancan, su shiga juna. Ka yanka shi ya ɗan matse, sai da guduma zai zauna, sannan gam. Dafin katakon ka ƙara shi a gindin wuya kawai, ta ciki inda ba a gani. Kuma kafin ka sa gam ka haɗa shi a bushe ka kai wa yaran su sake hawa, don in akwai gyara a lokacin yake da sauƙi.